Ƙaramar Bindiga da Ƙurar Damargu

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu ba ta barin komai a Falanko yadda ta same shi. Ƙura tana bi ta ƙarƙashin ƙyaure, ta ratsa zana, ta kwanta a kan ƙwarya da tabarma da rediyo. Tela ya san ta a keken ɗinkinsa, ɗan kabu-kabu ya san ta a babur ɗinsa, mai injin niƙa kuwa kullum cikin faɗa da ita yake. Akwai kuma wani ƙarfe da take ci a ɓoye, mai shi ba ya farga sai ranar da ya auna zomo a taku talatin, harsashi ya tafi wani wuri dabam. Ƙarfen shi ne ƙaramar bindigar nan mai siririn harsashi, wadda ake rubuta wa .22 LR a jikin kwali, masu Faransanci kuma suke ce mata "22 long".

Falanko ƙaramar hukumar karkara ce a gundumar Tanut, cikin jihar Damagaram. Ita da Gangara da Ollelewa, da ƙasar Belbeji wadda aka ɗaga ta zama gunduma a 2011, duk Damargu ce: ƙasar gero da jigawa da rijiyoyi masu zurfi, inda gonakin Hausawa da Barebari suke ƙarewa, makiyayar Abzinawa da Fulani ta fara. Damina a nan gajera ce, wata uku in ta yi kyau. Saboda haka duk ƙarfe mai motsi yana fama da rairayi wata tara, sannan ya faɗa hannun laima a sauran ukun.

Ƙaramar bindigar ba ta kowa ba ce. Abin da aka fi sani a kafaɗar mafarautan ƙasar Hausa shi ne adaka ta maƙera, wadda ake wa laƙabi da harba-ka-ruga, sai mai lamba 12 da ke watsa ƙananan ƙwayoyi. A nan kuwa matsalar take. Hannun da ya koyi kula da bindiga a kan adaka, in ya kama wannan, kusan duk abin da ya saba yi cutar da ita yake. Harbi ba ya kashe ta da wuri. Masu gasa suna zuba wa bututu ɗaya dubban harsasai yana nan daram. Abin da ke gamawa da ita shi ne man da ya yi yawa, da sandar ƙarfen da aka cusa ta baki, da ƙurar da waɗannan biyun suke ba wa mazauni.

Gadon adaka

Damargu ta daɗe da sanin bindiga. Ta cikinta hanyar ayari ta bi, daga Tarabulus zuwa Azbin, ta gangaro Damagaram da Kano. A Tagelel, cikin Damargu, Bajamushen nan Heinrich Barth ya rabu da abokin tafiyarsa James Richardson a watan Janairun 1851, kowa ya kama gabansa. Zamanin da ya biyo baya shi ne na Sarkin Damagaram Tanimun ɗan Sulaiman, wanda ya yi mulki har 1884. Masana tarihi suna lissafa masa bindigogi wajen 6,000 da igwa 40, kuma a cikin birnin Zinder kansa ake haɗa albarushi ana zuba igwa. Rundunar da ta kai haka ba ta tsayuwa sai da maƙeran da suka iya gyara, da bayin sarki da suka san yadda ake wanke bindiga bayan yaƙi.

Da Turawa suka zo rabon Afirka, sai suka ƙulla yarjejeniya a Brussels a 1890, wadda ta taƙaita sayar wa 'yan ƙasa bindigogin zamani a wani faffaɗan yanki da ya haɗiye ƙasar Hausa baki ɗaya. Abin da aka bar wa talaka shi ne bindigar ƙyastu da albarushin kasuwa. Kawusan, jagoran Abzinawan da suka yi wa Faransawa tawaye, wanda a Damargu aka haife shi, ya yi wa Agadas ƙawanya daga Disamban 1916 zuwa Maris na 1917, abin da bai ƙara wa Faransawa sha'awar ganin bindiga mai kyau a hannun mutanen daji ba. Haka adaka ta samu tsawon rai, ta zama makarantar da uba ke koya wa ɗansa riƙon bindiga.

Darasin adaka kuwa daidai yake, amma ga adaka. Baƙin albarushi in ya ƙone, fiye da rabin nauyinsa ba ya zama iska, hayaƙi da dauɗa yake komawa, dauɗar kuma tana da wani gishiri mai jan laima. A bar ta kwana biyu a watan Agusta, cikin bututu ya yi ja. Don haka ake kwarara mata ruwan zafi, a girgiza, a zubar, a shanya, a cika ta da mai. Ta baki ake ɗura ta, ta baki ake wanke ta, domin gindinta a toshe yake. Cikin bututunta sumul yake, babu abin da sanda za ta lalata. 'Yan bindigar hawan salla a Kano da Katsina da Zazzau har gobe haka suke yi.

Abin da ke cikin ɗan harsashin

Asalin ƙaramin harsashin Faransa ne. A 1845 wani maƙerin bindiga a birnin Paris, Louis-Nicolas Flobert, ya ƙera ɗan harsashin da ake wasan harbi da shi a cikin ɗaki. Kamfanin Smith & Wesson na Amurka ya ƙara masa albarushi a 1857, sannan a 1887 kamfanin Stevens ya fitar da samfurin da ake amfani da shi har yau. Da shi ake gasar harbin mita 50, da ta bindigar hannu ta mita 25, a wasannin Olamfik. A ƙasashen da Faransa ta mallaka, kamfanin Manufrance na Saint-Etienne, wanda aka kafa a 1885, ya yi suna da kundin kayansa mai hotuna, da Simplex mai baki ɗaya wadda mafarautan Afirka ta Yamma suka runguma, da ƙananan bindigogi irin wannan da ake magana.

A ɗora harsashin a tafin hannu a duba shi. Tsawonsa duka milimita 25 ne, kaurin kansa bai kai milimita 6 ba, nauyin kan kuma giram 2.6 a yawancin samfura. Gindin kwanson tagulla a shafe yake, babu ɗan maɓallin tsakiyar nan da ake gani a harsashin soja ko na mai lamba 12. Sinadarin da ke kama wuta yana cikin leɓen da ya kewaye gindin. Idan aka ja kunama, allurar bindiga ta daki leɓen, ta matse shi a gefen mazaunin harsashi, wuta ta tashi. Shi ya sa duk kwanson da aka harba yake da ɗan tabo a gefe, shi ya sa kuma ba a sake ɗura shi. Mai adaka yana iya haɗa kayan ɗurinsa a kasuwa, amma mai ƙaramar bindiga ya dogara ga kwalin kamfani mai guda 50. In ya ƙare, sai haƙuri.

Kan harsashin dalma ce mai taushi, an shafe ta da wani kaki ta waje domin ta zame a cikin bututu. Ta wannan kakin rairayin Damargu yake samun shiga. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kakin yana yin laushi. Mafarauci ya zuba harsasai a aljihun riga tare da goro da ɓawon gyaɗa, ko ɗaya ya suɓuce ya faɗi ƙasa, ya ɗauka ya hure ya sa. Ƙwayoyin yashi sun riga sun manne. Yana harbawa, dalma za ta ja su tun daga gindin bututu har baki, da gudun sama da mita 300 cikin daƙiƙa ɗaya. A cikin bututun akwai siraran tsagogi masu murɗewa, su ne suke juya harsashi ya tafi sak, zurfinsu kuwa bai kai kaurin takardar littafi ba. Harsashi ɗaya mai yashi ba zai gama da su ba. Shekara biyar ana haka za ta gama.

Maganin ba ya cin ko dala. Harsashi ya zauna cikin kwalinsa, ko cikin ɗan gwangwani mai murfi, a inuwa. Wanda ya taɓa ƙasa, a goge shi da ƙyalle mai tsabta kafin ya shiga bindiga.

Ta baya ake shiga

Wanki yana farawa da abin da kowa yake cewa ya sani. A cire gidan harsasai in akwai, a buɗe sakata, a leƙa mazaunin harsashi da ido, a sa ƙaramin yatsa a taɓa. Ƙugiyar da ke fizgo harsashi takan gaza idan dauɗa ta taru a ƙarƙashinta, saboda haka jan sakata baya ba shaida ba ne cewa cikin fayau yake. Labarin "ina cikin goge ta sai ta tashi" babu ƙasar da ba a ji shi ba, kuma kusan kullum daga nan yake farawa. Harsasai su bar tabarmar aiki gaba ɗaya, yara su matsa, bakin bindiga ya fuskanci katangar ƙasa, ba dangar kara ba.

Sai a zare sakata. A yawancin waɗannan bindigogi ta baya take fita, ta bar hanya a buɗe tun daga gindi har baki. A ɗaga bututun zuwa haske a leƙa. Mai lafiya yana ƙyalli, tsagoginsa suna murɗewa tsaf har ƙarshe. Wanda ya sha wuya zai nuna duhu-duhu, ko ɗige-ɗigen tsatsa, ko wani zobe a tsakiya.

Kayan wanki su shiga ta inda harsashi ke shiga, su fita ta inda yake fita. Dalilin yana leɓen bakin bututu, wuri na ƙarshe da harsashi ke taɓawa kafin ya kama iska. Muddin leɓen a daidaice yake, iskar da ke tura harsashi tana fita ta kowane gefe lokaci ɗaya. In ya cinye ta ɓangare guda, iskar za ta riga fita ta nan, ta karkatar da shi. Wanda ya saba da adaka zai kawo sandar ɗurinsa, ko wayar shinge, ko wayar ƙafar keke, ya cusa ta baki yana kai da komo, kowane zuwa yana gugar wannan leɓe. Bayan 'yan shekaru bindigar ta daina samu, a ce ta tsufa, ko an yi mata baki, alhali mai ita ne ya cinye ta da hannunsa.

Wanda ba shi da sandar kamfani mai rufin roba, igiya ta fi masa. Siririn zaren nailan mai ƙarfi, a ɗaura masa ɗan ƙyallen auduga a wutsiya, a zura ta gindi, a ja ta baki a miƙe yadda ba zai gogi gefe ba. Ƙyallen kada ya yi girma. Wanda ya maƙale a tsakiyar bututu ya fi dauɗar da aka zo cirewa zama bala'i. Na farko a jiƙa shi da ruwan wankin bindiga, in babu, ɗigon kananzir ya wadatar. A jira mintuna kaɗan, sannan a bi da busassu har su riƙa fitowa da haske. Kowane ƙyalle sau ɗaya yake wucewa, ba a mayar da shi. Zaren kansa a leda ake ajiye shi, domin in ya sha ƙura shi ma cin ƙarfe yake. Fetur ba shi da wuri a wannan aiki, ballantana a ɗakin da ake hura wuta. Ruwan zafi kuma a bar wa adaka.

Inda dauɗa ta fi taruwa ba tsakiyar bututu ba ne. Dab da gaban mazaunin harsashi, baƙin gawayi da kaki da dalma sukan haɗu su yi zobe mai tauri. Alamarsa ita ce harsashi ya riƙa wuyar shiga, kwanso ya riƙa maƙalewa, harbin farko na safe ya kauce daga 'yan'uwansa. Ɗan buroshin tagulla ko na nailan mai lamba 22, a jiƙa a juya shi a wurin, shi ke fasa zoben. Fuskar sakata, da ƙarƙashin ƙugiya, da ɗan ramin da ƙugiyar ke shiga a gindin bututu, tsohon buroshin haƙori da tsinken ice sun ishe su. Allurar ɗinki da bakin wuƙa suna barin tabo.

Abin da zai fi ba mai adaka mamaki shi ne cikin wannan bututu ba ya son wanki kullum. Tun ƙarshen shekarun 1920 kamfanoni suka koma sinadarin tayar da wuta wanda ba ya jawo tsatsa, kakin harsashi kuma yana barin wani siririn rufi mai kare ƙarfe. Masu gasa sun san cewa bututun da aka wanke tas sai ya ci harsasai da dama kafin ya koma harbi wuri ɗaya. A rani, abin da ake bukata shi ne goge waje da sakata duk ranar da aka fita, da jan busasshen ƙyalle ɗaya ta ciki bayan ranar ƙura, kafin a sake harbawa. Babban wanki sai bayan ɗaruruwan harsasai, ko in ta fara kuskure.

Akwai kuma wasan da samari suke so: ɗaga bindigar da babu komai a ciki, a auna, a ja kunama don a ji ƙas. A tsofaffin samfura da yawa, allurar ba ta samun tagullar da za ta daka sai ta sauka a gefen mazaunin harsashi, ƙarfe kan ƙarfe. Sannu a hankali wurin ya lotse, ya tayar da ƙaya ta ciki, harsashi ya ƙi shiga ko ya ƙi tashi. In an kai wa maƙerin da bai san ta ba, ya sa zarto, to shi ke nan.

Rikicin mai

A kan hanyar Zinder zuwa Tanut, cikin ƙasar Ollelewa, matatar SORAZ tana aiki tun Nuwamban 2011, an gina ta don tace ganga 20,000 a rana. Fetur da gas take fitarwa, ba man bindiga ba, shi kuma ba kaya ba ne da ake shimfiɗawa a teburin kasuwar ƙauye. Sai mutum ya ɗauki abin da ke kusa. Baƙin man da aka juye daga inji yana ɗauke da garin ƙarfe da gawayi. Man gyaɗa in ya daɗe yana yin danƙo, ya riƙe allurar bindiga, dukanta ya yi rauni, harsashi mai kyau ya ƙi tashi. Man shanu yana da ruwa a jikinsa, kuma yana lalacewa. A cikin abin da ake samu a ko'ina, man keken ɗinki ne ya fi kusa da abin da ake so: siriri ne, mai tsabta, ba ya daskarewa.

Sai dai ko man kirki ne, yawansa ɓarna ne. Matan gida suna haɗa toka da yashi da ɗan ruwa su goge gindin tukunya har ta yi ƙyalli. Mai da ƙurar hunturu a jikin sakata wannan haɗin ne, kuma duk buɗewa da rufewa guga ce. Ɗigo biyu a kan ƙyalle, ba a kan ƙarfe ba, a shafa, sannan a bi da busasshe har yatsa ya daina jiƙewa. Hanyar allura a cikin sakata ta zauna kusan a bushe. Mazaunin harsashi shi ma haka, domin kan wannan harsashi ba a liƙe yake sosai a bakin kwanso ba. Mai yana iya silalewa ya jiƙa albarushi.

Albarushin da ya jiƙe yana da hanyoyi biyu na cuta. Ko dai a ja kunama a ji shiru, a nan sai a bar bakin bindiga yana kallon inda aka auna, a ƙirga rabin minti kafin a buɗe. Ko kuma a ji ƙara mara ƙarfi, fus maimakon tas. Wannan ya fi haɗari, domin mai yiwuwa dalmar ta tsaya a tsakiyar hanya. In aka bi ta da wani harsashin, bututun zai kumbura a wurin, ya bar zoben nan da ake gani in an leƙa, kuma babu wankin da ke cire shi.

Damina, zanzaro da gara

Da ruwan farko ya sauka, lissafi ya juya. Ƙura ta kwanta, laima ta tashi. Gumin hannu kaɗai yana barin shatin yatsa na tsatsa a jikin bututu cikin kwanaki kaɗan. Yanzu ne lokacin shafa siririn mai a waje, da jan ƙyalle mai ɗan maiƙo ta ciki idan za a ajiye bindigar har kaka, da sharaɗin a share shi kafin harbi. Kuben fata da ake yi wa bindiga ado da shi yana da kyau a hanya, amma ba wurin kwana ba ne, domin fata tana riƙe laima. Tsumman da wasu ke toshe baki da shi haka yake, ga kuma haɗarin a manta da shi.

Amma barin bakin a buɗe shi ma da nasa. Zanzaro ba ya ganin rami ya wuce shi, kuma akwai ƙananan irinsa da ramin milimita 6 ya yi musu daidai. Zai kawo laka ya gina ɗaki a ciki, daga waje ba a ganin komai. Duk bindigar da ta yi mako a rataye, a leƙa cikinta kafin a sa mata harsashi. 'Yar jakar yadi mara nauyi da aka sa wa baki kamar hula tana hana ƙwaro, iska kuma tana shiga. Ita kuwa gara, icen bindiga take nema. Wadda aka jingina da bangon ƙasa a lungun ɗaki, ko aka tura ƙarƙashin gado a kan rairayi, kafin a gama girbi an ci gindinta. A rataye ta nesa da bango, a wurin da hannun yaro ba ya kaiwa.

Baƙin da ke fitowa a jikin ƙyallen wanki ba gawayi kaɗai ba ne, da dalma a ciki. Mutanen ƙasar Hausa sun ga aikin gubar dalma a Zamfara a 2010, inda yara wajen 400 suka mutu sanadiyyar niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Abin da ke jikin ƙyallen bindiga bai kai wannan ko kusa ba, amma gubar ɗaya ce, kuma jikin ƙaramin yaro ba shi da adadin da za a ce ba komai. Ba a wanke bindiga a tabarmar cin abinci, ba a riƙe harsashi a baki, ba a ba yara kwanso su yi usur da shi. A wanke hannu da sabulu kafin a kai shi ga tuwo. Naman da ke kewaye da inda harsashi ya bi, a yanke a yar.

Me ya rage a dajin, me doka ta ce

A 1920 wani ɗan Sikotland, Angus Buchanan, ya ratsa Damargu daga Kano zuwa Azbin yana tara tsuntsaye da fatun dabbobi don gidan tarihin Lord Rothschild da ke Tring a Ingila, har ya tsaya farautar jimina a wannan daji. Yau jiminar Nijar sai a wurin kiwo irin na Kelle, a gundumar Gure, inda ake ƙoƙarin ceto irinta. Mariri, wanda garkunansa suka taɓa yawo a arewacin Damargu, an bayyana ƙarewarsa a daji a shekarar 2000, sai a 2016 aka fara sake sakinsa a Chadi. Yamma da Belbeji, gandun Gadabeji mai kadada 76,000 yana keɓe tun 1955, kuma a Nuwamban 2018 aka kai masa raƙuman dawa 8 daga Kure. Can gabas, an kafa gandun Termit da Tin Tumma a 2012. Fari da faɗaɗa gonaki sun yi nasu, amma bindiga da mota su ma ba za su wanke hannu ba.

Ƙaramar bindiga ta zomo ce da zabin daji da gafiya, a kusa. Wanda ya auna barewa da ita, galibi rauni zai yi mata ta je ta mutu a inda ba ya gani. Ƙanƙantar ƙararta kuma tana yaudara: harsashin yana tsalle in ya daki dutse ko busasshiyar ƙasa, kuma wasu kamfanoni suna rubuta a kwali cewa haɗarinsa yana kaiwa fiye da kilomita 2. A fili irin na Damargu, wannan nisa ya isa ya haɗa da rijiya da garke da yaron da ke kiwo.

Dokar farauta ta Nijar mai lamba 98-07, ta ranar 29 ga Afrilun 1998, ta ɗora farauta a kan lasisi da lokacin buɗewa. Ta hana farautar dare, da kora da mota, da guba, da cinna wa daji wuta, da amfani da makaman yaƙi, ta kuma jera dabbobin da ba a taɓawa sam. Mallakar bindigar kanta sai da izinin hukuma, wanda aka kama da ita babu takarda kuma ɗauri ne ke jiransa. Ƙasar da ta kafa hukumar tattara haramtattun makamai ta CNCCAI tun 1994, ta ƙona bindigogi sama da 1,000 a bikin wutar zaman lafiya na Agadas ranar 25 ga Satumban 2000, sannan ta ga makaman Libiya suna gangarowa bayan 2011, ba za ta ɗauki "ai ta zomo ce" a matsayin uzuri ba. Jandarman da ke shingen hanyar Tanut takarda zai tambaya, ba lambar harsashi ba.

Saboda haka wanda ya gaji irin wannan bindiga a Falanko ko Belbeji, kafin ya nemi man keke da ƙyalle, ya fara duba ko tana da takarda, da sunan wa take. In babu, ya je ofishin gunduma ko wurin jandarma ya tambayi yadda ake daidaita ta, ko yadda ake miƙa ta. In kuwa akwai, ya nemi lasisin farauta wurin jami'an gandun daji, ya zare sakatar ya ajiye ta dabam, harsasai kuma su kwana cikin akwati mai kwaɗo, makullin yana jikinsa.